Goshin Hajiya Falmata

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku zauna. Tun da kuka fara zuwa koyon yadda ake koyar da wannan aiki, babu makon da ɗayarku ba ta tambaye ni yaushe zan sa hannu a takardar shaida ba. Jiya ma Ummi ta ce min, cikin ladabi dai, wai ta gani a waya ana gama wannan karatu cikin kwana talatin. Na yarda ana gamawa. Miƙe ƙafa da lanƙwasa baya ai 'yar shekara bakwai ta iya, ta ma fi ni iyawa. Ni shekara ashirin da shida ke nan ina hawa da sauka tsakanin Fagge da Sabon Gari da tabarmi a hammata, gwiwata ta hagu har ƙara take idan na tashi, kuma akwai safiyar da nake tsayawa a gindin matakalar nan in ji kamar in juya in koma gida. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Amma tunda kun ƙosa, bari ku ji abin da nake jira in gani a wurinku, da kuma inda ni na koye shi.

Aikin farko da Madam Lila ta ba ni shi ne kwanciya. Ba'indiya ce, mijinta yana da shagon yadi a Sabon Gari, ita kuma tana koyar da yoga, wato motsa jikin Indiyawa, a ɗakin da ke saman shagon. Lokacin ina malamar wasannin motsa jiki a wata firamare ta 'yan mata, ina ji da kaina sosai, don ina iya dafa ƙasa da tafin hannu gwiwata a miƙe. Sarƙewar numfashi ce ta kai ni wurinta, wata maƙwabciyarmu nas ta raka ni. Na shiga ina jiran a ce in nuna bajinta, sai matar nan ta shimfiɗa ni a ƙasa, ta ɗora min ƙaramar jakar shinkafa a kan ciki, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Shinkafa hau, shinkafa sauka. Kafaɗa zauna shiru." Wata huɗu na yi ina ɗaga shinkafa da cikina. Ran da na yi ƙorafi ta ce idan na gaji ƙofa a buɗe take.

Da ta ga ban gudu ba, sai ta ce za ta koya min koyarwa. Na ɗauka gaba za ta tsayar da ni. Sai ta zaunar da ni can ƙarshen aji ta baya, inda ba na ganin fuskar kowa sai dugadugai. Shekara guda cur aikina kallon ƙafafun mata. Idan aka tashi sai ta tambaye ni wacece ta ji zafi yau, a wace gaɓa, a daidai wane motsi. Da farko kame-kame nake yi. A hankali na fara gani: mace za ta iya murmushi, za ta iya cewa lafiya lau, amma da zafi ya soke ta yatsun ƙafarta sai sun naɗe, cikinta kuma sai ya tsaya cak, numfashin ya koma ƙirji. Shi ya sa ba a shiga ajina da safa, shi ya sa kuma nake sa ku ɗaure rigar ɗaliba a ƙugu yadda za ku ga cikinta. Shekara uku na yi a hannun matar nan, ba ta taɓa ba ni wata takarda ba. Wata rana dai ta ce ciwon kai take yi, in ja ajin, kuma daga ranar ba ta sake karɓa ba.

Kafin in buɗe nawa wurin sai da na tsaya gaban kawuna, Malam Sani, don gidanmu gidan karatu ne, kuma magana ta riga ta kai masa cewa ni Rabi na shiga bautar Indiyawa. A tsakar gidansa, matarsa na zaune, ya sa na yi masa komai daga farko har ƙarshe. Ya ce haɗa hannuwan nan a ƙirji da sunkuyar da kai, a bari. Waƙen da ake ja da murya ɗaya, a bari. Motsin da ake cewa gaida rana, kada in sake kiransa da wannan suna, kuma kada a yi shi ana fuskantar rana. "Sauran kuwa miƙa ce," in ji shi, "ko kyanwa tana yi." Haka na yi, kuma shi ya sa allon da ke ƙofarmu bai ce komai ba sai motsa jiki da gyaran numfashi, na mata zalla.

Kayan aikin da kuke taka wa yanzu ba ku san wahalar da suka ba ni ba. Tabarmin roba na farko da na saya a wani shago a titin Ibrahim Taiwo, da zafin bazara ya kama sai suka manne da juna, wadda ta rage kuma gumi na sauka a kanta ta zama santsi. Na koma tabarmar kaba da darduma mai kauri a sama. Tubalan katakon nan wani kafinta ne a bayan tashar jirgi ya yanka min daga ragowar ƙyauren ƙofa, sau uku ina mayar masa yana goge bakinsu, har ya tambaye ni ko gini zan yi. Maɗaurin da kuke saƙala wa a tafin ƙafa tela ne ya ninka zani huɗu ya bi shi da ɗinki. Matasan kai audugar rimi ce a ciki, soso ba ya riƙe gwiwar babbar mace. Shiru kuwa, wanda littattafanku suke cewa a nema, ban taɓa samunsa ba. Ga injin niƙa a ƙasanmu, ga janaretan maƙwabta, ga masu a-daidaita-sahu da hon. Da injin niƙan nan na koya wa mata da yawa ƙirga numfashi, don bugunsa ba ya canzawa.

Numfashin da kuke rainawa shi ne rabin aikin. Kun iya faɗinsa da baki: a toshe ƙofar hanci ta dama da babban yatsa, a shaƙa ta hagu ana ƙirga huɗu, a sauya yatsa, a fitar ta dama ana ƙirga shida. Abin da ba ku iya ba shi ne sanin wadda ba za a sa ta riƙe ba. Mai hawan jini ba ta riƙewa, mai ciki ba ta riƙewa, mai azumi da rana ba a sa ta mai sauri. Maman Ngozi, wata mai sayar da kayan gwangwani a kasuwar Singa, ita ce ta fi kowa sauƙin koyarwa a duk waɗanda na taɓa samu. Ƙirga uku na yi mata ta buɗe ido ta ce, "Malama, kaina yana juyawa, ni ba zan mutu a nan ba!" Muka yi dariya, na rage mata, shi ke nan. Hajiyoyinmu na Fagge su ne aiki. Hajiya za ta ga ɗaki na juya mata, ki tambaye ta, ta ce miki alhamdulillahi. Tun suna yara aka koya musu cewa raki abin kunya ne, mace ko naƙuda take ba a jin muryarta, balle a gaban yarinyar da ta haifi kamarta. Ba za ki canza musu wannan a wata uku ba, ba kuma za ki canza a shekara talatin ba.

Hajiya Falmata ɗanta ne ya zo nema na. Alhaji Modu, babban ɗan kasuwa ne a Singa, asalinsu mutanen Borno ne amma kakanninsu ma a Fagge aka binne su. Ya ce mahaifiyarsa shekara biyar ke nan a kan kujera take sallah, likita ya ce gwiwoyin sun cinye, ƙashi ne yake gogar ƙashi. Shi abin da yake so kawai ta riƙa motsawa kada ta sandare. Da na je gidan na durƙusa na gaishe ta, ta sallami kowa daga ɗakin, sannan ta ce min:

"'Yar nan, shi Modu motsa jiki ya ce miki. Ni ba shi nake so ba. So nake goshina ya taɓa ƙasa."

Na ce, "Hajiya, ai sallar kujera karɓaɓɓiya ce ga mai larura."

Ta ce, "Ke za ki gaya min? Malamai nawa ne suka gaya min? Na sani. Amma shekara sittin ina kai shi ƙasa sau biyar a rana, yanzu sai dai in yi ta gyaɗa kai kamar mai gyangyaɗi. Za ki iya ko ba za ki iya ba?"

Na duba gwiwoyin, na lanƙwasa su a hankali ina kallon yatsunta, na ce mata za mu gwada, amma sai an yi haƙuri, kuma ban yi alkawari ba.

Litinin da Alhamis da hantsi nake zuwa. Wata biyu na farko ko ƙasa ba mu kalla ba. Tana zaune a bakin gado tana miƙe ƙafa da maɗauri, tana matse tubalin katako tsakanin cinyoyi, tana koyon fitar da numfashi a daidai lokacin da gaɓa take buɗewa, don mutum idan ya riƙe numfashi jikinsa ƙanƙamewa yake yi. Ba ta taɓa cewa wash ba ko sau ɗaya. Ni ma na daina tambayarta, yatsunta nake kallo, da sun fara naɗewa sai in ce ya isa haka. Har ta fara zargina. "Ke wai duba kike yi ne? Ya aka yi kike sanin inda yake ci na?" Daga bakin gado muka sauka kujerar roba, daga nan muka sauka kujera 'yar tsugunno. A wata na takwas ta durƙusa a kan matasai uku, tana dafe da bakin gado, ta yi numfashi biyar a haka. Ranar har fura ta sa aka dama min. A lissafina saura wata huɗu a cire matasan ɗaya bayan ɗaya, idan gwiwar ta yarda.

Alhamis ta ƙarshe a watan Sha'aban na shiga na tarar ɗakin a cike. Ƙanwarta ta zo daga Maiduguri, ga matan 'ya'yanta su uku a jere a bakin ƙofa. An kwashe matasan kai an jibge a kan gado, an shimfiɗa sabuwar darduma ana fuskantar alƙibla. Hajiya ta yi alwala, ta sa doguwar hijabin sallarta mai jan ƙasa, da safa baƙa a ƙafarta. Tun daga bakin ƙofa na gane abin da ta shirya.

"Yau za mu yi," ta ce. "Azumi ya zo. Ba zan yi asham ɗin bana a kujera ba."

Na ce, "Hajiya, da dai an ƙara ɗan lokaci."

"Lokacin a hannunki yake? Kin san zan ga wani azumin?" Ta juya wajen ƙanwarta. "Kin ga yarinyar da nake gaya miki. Hannunta da albarka."

To ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Abu biyu ne ya kamata in faɗa, kuma na san su sarai. Na farko, a'a, yau ba za a yi ba. Na biyu, idan ma za a yi, a cire safa, a cire hijabi, a dawo da matasai. Amma matar nan ta girmi mahaifiyata. Ta yi alwala, ta yi shigar tsayawa gaban Ubangijinta, surukanta na kallo, yanzun nan kuma ta gama yabona. In buɗe baki in ce ta tuɓe safa ta ɗage hijabi in ga cikinta? In ce mata a'a a gaban matan 'ya'yanta? Irin tarbiyyar da ta hana ta cewa wash, ita ce ta hana ni cewa a'a. Na ce a raina zan lura sosai. Da me zan lura, ƙafa a rufe, ciki a rufe?

Na tsaya a gefenta na dama, na riƙe ta a hammata. Ta sauka a hankali, yadda na koya mata, har gwiwoyin suka kai darduma.

"Hajiya, akwai zafi?"

"Babu komai, 'yar nan."

Ta dafa hannuwanta a ƙasa. Na durƙusa tare da ita, na zura tafin hannuna na dama a ƙarƙashin goshinta, tsakaninsa da darduma, kamar yadda nake yi wa duk mai koyon sunkuyo don kada kai ya faɗi da nauyi.

"Har yanzu babu zafi?"

"Alhamdulillahi."

Ta yi kabbara ƙasa-ƙasa, ta tafi. Goshinta ya sauka a tafin hannuna, jiƙe da gumi mai sanyi, hannun nawa kuma bai kai ga dardumar ba, da sauran kamar yatsu biyu. Na ji tana tasbihi. Sai nauyinta ya koma baya kan gwiwar hagu, na ji wata ƙara a cikin gaɓar, ba mai ƙarfi ba, kamar an karya ɗanyen kara. Ko a lokacin ba ta yi ihu ba. Jikinta ne kawai ya saki ta kwanto a kaina, ƙanwarta ta fara salati. Da aka cire safar a asibiti ban kasance a wurin ba, amma na san yadda yatsun nan suka kasance tun saukarta ta farko.

An yi mata aiki, bai yi ba. Matar da na tarar tana takawa da sanda har tsakar gida, tana sallah a kujera, ta koma sai an ɗaga ta an kwantar. Alhaji Modu bai faɗa min baƙar magana ba, da ma ya faɗa. A ƙofar asibiti ya ce, "Malama, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," yana kallon wani wuri daban.

Wannan ita ce shekarar da nake ce muku ba na son tunawa. Fagge ba ta da girma idan magana ta tashi. Gidan suna, gidan biki, wurin ta'aziyya, ko'ina labarin mai karya tsofaffi ake yi, waɗanda da ma suke cewa abin Indiyawa ne suka samu abin faɗa. Kafin ƙaramar sallah Hajiyoyin Fagge sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ajin da nake shimfiɗa tabarma talatin ya koma huɗu, Maman Ngozi da wasu nas-nas uku. Sauran tabarmin na naɗe na jingine a lungu har ɓera ya yi gida a ciki. Madam Lila ta riga ta koma ƙasarsu, babu wanda zan je in tambaya. Kuma gaskiyar magana ba ni da abin tambaya, don ba rashin sani ne ya kai ni ba. Na san aikin, kunya ce ta ci ni. Sai da aka shekara biyu mata suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, yawancinsu ma sababbi ne da ba su ji labarin ba.

Shi ya sa nake haɗa ku da tsofaffin ajin Asabar, ina zaune a baya ina kallonku. Ba lanƙwasarku nake dubawa ba. Jira nake in ga ranar da wata Hajiya za ta ce miki, "Ke yarinya, ƙara min, ba na jin komai," ke kuma ki durƙusa har ƙasa, ki ce mata Allah ya ƙara girma, yau iyakarmu ke nan, ki kuma tsaya a kan haka ko da ta ɓata rai, ko da ta ce ba ki da tarbiyya. Har yau ban ga wadda ta yi ba a cikinku. Makon jiya Hajiya Asabe ta shigo da safa, ku shida kuna tsaye, babu wadda ta ce uffan.

Bayan babbar sallah ta waccan shekarar Hajiya Falmata ta aiko a kira ni. Kwana biyu ina juya saƙon kafin in je. Na tarar an juya mata gadon yana fuskantar gabas, ta rame, carbi a hannunta. Na durƙusa a bakin gadon na kasa ɗaga kai, abin da na shirya faɗa duk ya gudu, sai hawaye.

"To, me kuma ya faru?" ta ce. "An ce min kin daina fita, wai mutane suna maganarki. Rabu da su. Ni na ce a yi, ko ba ni ba ce?"

Na ce, "Hajiya, ni ya kamata in hana. Ki yafe min."

"Ki hana ni? Ke ɗin?" Har ta ɗan yi dariya. "Ai ni na samu abin da nake nema. Daga nan ban san me ya faru ba, sai farkawa na yi a asibiti. Amma kafin nan na ji shi sarai, na ji sanyin ƙasa a goshina, har na yi tasbihi ɗaya. Na gaya wa Modu, ƙafa ɗaya a kan wannan ba tsada." Sannan ta dube ni. "Ke ce kike kusa. Ya taɓa sosai, ko?"

Ƙanwarta da surukanta duk daga baya suke ranar, hijabin ya rufe musu komai. Ni kaɗai na sani.

Na ce, "Ya taɓa, Hajiya."

Ta lumshe ido ta ce alhamdulillahi. Ta laluba ta kamo hannuna na dama, ta riƙe shi a nata tana sa min albarka, ta daɗe tana yi. Shi ne hannun da goshinta ya sauka a kai. Ta ƙara shekara biyu a kan gadon nan kafin ta rasu, kuma duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labarin sujadarta ta ƙarshe.